Akwatin Littattafai da Wanda Zai Ɗauki Nauyinsa

 Maganar da aka taru dominta ita ce ta ɗakunan karatu, watau yadda garuruwa da yawa za su yi tarayya cikin littattafai, wannan gari ya karanta ya miƙa wa wancan, da kuma inda kuɗin yin haka zai fito, da wanda za a tuhuma idan abin ya lalace. An taɓa yin irin wannan tarayya a ƙasar Arewa, ta yi shekara goma sha shida tana tafiya, sa'an nan ta watse. Ya kamata duk mai niyyar sake ɗaura ta ya san abin da ya tsinke a karon farko.

Aron littafi tsohon abu ne a ƙasar nan. Tun zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi na Gwandu da ɗansa Muhammadu Bello, almajiri yakan yi tafiyar kwanaki don ya ari littafi wurin malami, ya zauna ya kwafe shi da hannunsa, ya mayar. Amma wannan aro tsakanin mutum biyu ne, mai littafi ya san wanda ya ba, amana ce ke tsaronsa. Littafin jama'a kuwa, wanda aka saya da kuɗin haraji, ba shi da uban da zai bi sawunsa, sai fa idan an naɗa masa. Kusan dukan wahalar da za a ambata nan gaba daga wannan ta taso.

Ɗakunan karatu na En'e sun samo asali ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945. Gwamnati tana so mutane su ji labarin yaƙi daga bakinta kafin su ji shi a kasuwa, sai aka sa En'e-En'e su buɗe ɗakuna a manyan garuruwansu, a ajiye jaridu da taswira da hotuna da 'yan littattafai. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya cikin watan Janairu na 1939, ita ce babbar abin da ke jan mutane. Ƙasar Zuru, wadda 'ya'yanta suka shahara da aikin soja, ba ta bukatar a gaya mata darajar takardar da ke ɗauke da labarin Habasha ko na Bama a waɗannan shekaru. To, da yaƙi ya ƙare, dalilin da ya sa aka buɗe ɗakunan ya tafi, ɗakunan kuwa suka saura. Baitulmali yana biyan albashin mai tsaron ɗaki, yana sayen kananzir, amma sabon littafi sai in an ga dama. Wanda ya karanta abin da ke ciki sau ɗaya ba shi da sauran dalilin komawa.

A 1952 aka kafa babban laburare na Jihar Arewa a Kaduna. Wata Baturiya mai suna Joan Parkes, wadda ta zaga ta duba halin da ɗakunan En'e ke ciki, ita ce ta fara riƙe shi. Dabarar da aka yi mai sauƙi ce. Kaduna za ta sayi littattafai, ta jera su, ta zuba cikin akwatuna, a aika wa ɗakunan karatu da makarantu. Bayan wani lokaci a komo da akwatin, a ba da wani. Ana kuma kiran masu tsaron ɗakunan zuwa Kaduna a koya musu yadda ake rubuta littafi cikin rajista da yadda ake ba da aro. Lokacin ya dace ƙwarai, gama a shekarun nan ne aka ɗaura Yaƙi da Jahilci, dubban manya suna koyon karatu, hukumar NORLA a Zariya tana buga ƙananan littattafai daga 1954 zuwa 1959, larduna kuma suna da 'yan jaridunsu, kamar Zaruma ta Sakkwato da Himma ta Katsina da Sodangi ta Kano. Mutumin da ya koyi karatu yana da shekara arba'in, idan bai sami abin karantawa ba, kafin damina biyu ya manta.

Amfanin akwati lissafi ne wanda kowane Magatakarda zai iya yi a bayan ambulan. A ɗauka, alal misali, ɗakuna biyar ne, kowanne an saya masa littafi ɗari biyu. Idan kowa ya riƙe nasa, mai karatu a Mahuta ɗari biyu zai gani har su yage. Idan kuwa aka sayi dubu ɗaya iri dabam-dabam, aka raba su akwati biyar, ana juya su duk bayan wata uku, to, cikin wata goma sha biyar mutumin Mahuta ya ga dubun duka, haka na Ribah, haka na Dirin Daji, alhali kuwa kuɗin sayen bai ƙaru da ko kwabo ba. Abin da ya ƙaru shi ne kuɗin ɗauka da kaiwa, da aikin ƙirgawa, da bukatar mutum ɗaya wanda zai tsaya ya ga an juya akwatin ran da aka ce. Waɗannan ukun kuwa su ne kullum ake mantawa da su sa'ad da ake tsara kasafi.

Sai a duba nisan da akwati zai yi a wancan zamani. Zuru tana cikin Lardin Neja, ƙarƙashin yankin Kwantagora. Kayan da ya taso daga Kaduna sai ya bi ta Tegina, ya shiga Kwantagora, ya wuce Rijau kafin ya iso, da damina kuwa hanya takan yanke. Laburare ɗaya tak a Kaduna ke ɗauke da larduna goma sha biyu, daga Sakkwato har Barno, daga Katsina har Kabba, ƙasar da ta fi rabin Nijeriya girma nesa ba kusa ba. Ko da ma'aikatansa sun kai yadda suka kai wajen himma, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Amma nisa ƙaramin ciwo ne idan aka gwada shi da rashin doka. A 1953 hukumar UNESCO ta kira taro a Ibadan a kan ɗakunan karatu na jama'a a Afirka, babban abin da taron ya tsayar kuwa shi ne kowace ƙasa ta yi doka wadda za ta kafa hukuma ta musamman, mai kuɗinta na kanta, mai ikon ɗaukar ma'aikata da mallakar dukiya. Ƙasar Gana, tun tana Gwalkwas, ta riga ta kafa irin wannan hukuma a 1950, wata mace mai suna Evelyn Evans tana shugabantar aikin. Jihar Gabas ta Nijeriya ta yi tata dokar a 1955, UNESCO ta taimaka mata, aka buɗe babban laburare a Enugu a 1959, har da motar da ke yawo da littattafai. Jihar Arewa ba ta yi doka ba. Laburaren Kaduna ya zauna sashe ne kawai a cikin ma'aikatar Gwamnati, kuɗinsa layi ɗaya ne cikin kasafin ma'aikatar, ɗakunan karatu kuwa na En'e ne, Kaduna ba ta da ikon ta ce wa En'e ta gyara rufi ko ta sauya ma'aikaci, sai dai ta ba da shawara. Littafi na wani, ɗaki na wani, ba takardar da ta ɗaure su.

Ga abin da ke biyo bayan irin wannan zama, kuma Hakimai sun san shi a wasu ayyukan ban da na littafi. En'e takan ba da tsaron ɗakin karatu ga wanda ba a sami inda za a sa shi ba. Idan littafi ya ɓace a kan yanke kuɗinsa daga albashin mai tsaro. Mai tsaro kuwa ba wawa ba ne: ya ga duk littafin da ya fita hannunsa barazana ce ga abincin iyalinsa, sai ya sa wa kabad kwaɗo, ya zuba makulli aljihu. In mai duba aiki ya zo ya ƙirga, ya tarar ba abin da ya ɓace, ya rubuta yabo. Littattafan suna nan cif, gara kaɗai ke karanta su. Dokar da aka yi don tsare dukiyar jama'a ita ce ta hana jama'a cin moriyarta, ba kuwa wanda ya yi haka da mugun nufi.

Bayan samun mulkin kai Gwamnatin Arewa ta nemi gwani ya zo ya duba, aka aiko Mista F. A. Sharr, shugaban laburaren jihar Ostareliya ta Yamma, ya zaga larduna, ya ba da rahotonsa a 1963. Zaɓen wannan mutum yana da ma'ana. Jihar da ya fito ta fi Nijeriya girma fiye da sau biyu, mutanenta kaɗan ne, garuruwanta a warwatse cikin daji. An yi dokar hukumar laburare a can a 1951, shi kuma ya kama aiki a 1953, tsarin da ya kafa kuwa rabon nauyi ne a rubuce. Hukumar jiha ita ce ke sayen littattafai, ita ce mai su, ita ce ke jera su da sauya su a kai a kai. Majalisar gari ita ce ke ba da ɗaki da ma'aikaci da fitila. Garin da bai cika nasa sharaɗin ba ba ya samun littafi, wanda ya cika kuwa ba a iya hana shi. Mai karatu a ƙauye yana iya neman kowane littafi da ke cikin jihar, a nemo a aiko masa. Irin wannan haɗin gwiwa tsakanin Gwamnati da En'e shi ne zuciyar shawarar da ya bai wa Arewa, tare da horar da ma'aikata na gaske. Ta wajen horo shawarar ta haifi ɗa, gama a 1968 Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashen koyar da aikin laburare a Zariya. Ta wajen doka da rabon nauyi kuwa lokaci bai jira ba.

Cikin watan Mayu na 1967 aka raba Jihar Arewa jihohi shida. Abubuwan da aka ga ba su rabuwa, irin su Jami'ar Ahmadu Bello da gidan rediyo da talabijin na Kaduna da jaridar New Nigerian, aka sa su ƙarƙashin wata hukuma ta wucin gadi mai suna ICSA, suka ci gaba da zama na kowa har zuwa wajen 1976. Laburare bai shiga wannan sahu ba. Littattafansa da ma'aikatansa aka kasa wa jihohin nan shida a 1968, kamar yadda ake rabon gado. Kowa ya tafi da kasonsa yana murna, amma abin da ke da amfani cikin tarayyar, watau juyawar, ba ya kasuwa. Tarin littattafai da aka tsara domin su cika juna, idan aka yanka shi shida, kowane yanki yana da giɓi, ba kuma hanyar da wannan zai ari na wancan. Da a ce akwai hukuma mai doka wadda littattafan ke hannunta, da aƙalla sai an zauna an yi shawara da ita kafin a taɓa su.

Zuru ta ɗanɗani wannan rabo fiye da yawancin garuruwa, domin sau uku tana sauya uwar ɗaki. A 1967 ta shiga Jihar Arewa maso Yamma, hedkwata a Sakkwato. A 1976 da aka ƙirƙiro Jihar Neja daga tsohon lardin, aka bar Zuru cikin Jihar Sakkwato. A 1991 ta koma Jihar Kabi, hedkwata a Birnin Kabi. Kowane sauyi sabuwar ma'aikata ce, sabon kasafi, sabon rabon kaya, kuma a kowane karo Zuru tana can gefe, nesa da inda ake yanke shawara. A shekarar 1976 ɗin nan dai aka yi gyaran ƙananan hukumomi, En'e ta kau, Baitulmali ya fita hannun sarakuna. Daga 1979 aka fara soke haraji da jangali, jihohin Kano da Kaduna ne suka fara. Ƙananan hukumomi suka koma jiran kason wata-wata daga asusun Tarayya. A da mai biyan haraji yana iya tsayawa gaban Hakimi ya ce da kuɗinsa aka gina ɗakin nan. Bayan wannan kuwa ɗakin ya zama na Gwamnati, abin Gwamnati kuma kowa ya san yadda ake kallonsa.

To, me ke hannu yanzu? Ƙasar Zuru tana da ƙananan hukumomi huɗu, watau Zuru da Danko/Wasagu da Fakai da Sakaba. Tana da makarantun sakandare da yawa, kowace da ɗan abin da ta tara. Tana da Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya wadda aka kafa a 2020. Manyan makarantun Gwamnati suna da wata ƙofar kuɗi wadda ɗakin karatu na gari ba shi da ita, watau asusun TETFund, wanda ya samo asali daga dokar harajin ilmi ta 1993, aka sake masa doka a 2011, kuma cikin abin da yake bayarwa akwai kaso domin laburare. Akwai kuma taskar mujallun aikin gona mai suna AGORA, wadda Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe a 2003 domin makarantu da ma'aikatun ƙasashe masu tasowa su karanta ta intanet. Abin da a da sai an ɗauko cikin akwati ta Tegina, yau yana iya sauka cikin kwamfuta. Sai dai kada wannan ya ruɗi kowa. Kwamfuta tana cin wuta, tana cin kuɗin intanet kowane wata, tana bukatar mai gyara, ga shi kuwa ɗan aji uku a Dirin Daji littafin da zai riƙe a hannu ya kai gida yake bukata. Tambayoyin 1952 suna nan yadda suke: wa ke da kayan, wa ke biya, wa za a tambaya.

Mutanen wannan ƙasa ba baƙi ba ne ga tarayya. Sarautu biyar ne suka haɗu suka yi En'e ɗaya ta tarayya mai mazauni a Zuru, kowace tana riƙe da sarautarta da al'adarta, amma abin da ya fi ƙarfin ɗaya a yi shi tare. Manomin da ya san gayya da golmo ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan haɗa hannu. Abin da ya kamata a ƙara kawai shi ne rubutu. Yarjejeniya ce za a yi, shugabannin ƙananan hukumomin huɗu su sa hannu, hukumar laburare ta jiha ta sa, makarantun da ke so su shiga su sa, Majalisar Sarki ta zama shaida. A faɗi a ciki ƙarara cewa littattafan da aka saya da kuɗin tarayya na tarayya ne, ba na garin da suka kwana a cikinsa ba, kuma wanda ya fita daga tarayyar ya fita da hannunsa, ba ya jan kaso. Wannan sharaɗi ɗaya shi ne wanda rashinsa ya kashe laburaren Kaduna.

Game da kuɗi, abu mafi muhimmanci shi ne a raba asusun sayen littafi da asusun albashi. In an gama su wuri ɗaya albashi ne zai cinye, domin ma'aikaci yana da baki, littafi ba shi da shi. Kowace ƙaramar hukuma ta ɗauki nauyin ɗakinta da ma'aikacinta da fitilarta, kamar tsarin Mista Sharr, sa'an nan ta zuba wani abu ƙayyadadde kowace shekara cikin asusun tarayya, gwargwadon yawan jama'arta, domin saye da ɗauka da gyaran bango. Ƙaramin kuɗi mai zuwa kowace shekara ya fi babban kuɗi na rana ɗaya. Sau da yawa wani mai hali yakan ba da kyautar littattafai, a yi biki, a ɗauki hoto, bayan shekara uku ba a ƙara ko ɗaya ba. Kyauta abar godiya ce, amma ba a gina kasafi a kanta, kuma ya halatta a duba abin da aka kawo: tsofaffin littattafan dokar wata ƙasa ko na noman alkama a ƙasar ƙanƙara wuri kawai za su cinye.

Akwai wata dabara da ake yawan yabawa, watau a ce jiha za ta ba da naira duk inda ƙaramar hukuma ta ba da naira. Tana da kyau, amma a kula. Dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya domin makarantun firamare da ƙananan sakandare, bisa sharaɗin jiha ta kawo nata rabin kafin ta ɗauka, kuma an sha ganin kuɗi masu yawa sun kwanta shekara da shekaru a Abuja domin jihohi ba su kawo nasu ba. Wanda ya yi hasara shi ne yaro. Saboda haka idan za a sa irin wannan sharaɗi a nan, a sa shi daidai ƙarfin mafi talaucin ƙananan hukumomin, kuma hukuncin wanda ya makara ya zama jinkirin sabon akwati, kada ya kai ga rufe ɗaki. Cikin watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Duk yadda aikin wannan hukunci ya kasance, ya ƙara wa Hakimi hujjar zuwa wurin shugaban ƙaramar hukumarsa tun ana tsara kasafi, ya tambaya a wane layi aka sa ɗakin karatu.

Kwamitin da zai riƙe tarayyar kada ya yi yawa. Wakili ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, ɗaya daga Majalisar Sarki, ɗaya daga makarantu, da mace aƙalla ɗaya, domin ɗakunan En'e na da kusan maza kaɗai ke shigarsu, ba kuwa don mata ba su iya karatu ba. Sakataren kwamiti ya zama mutumin da ya koyi aikin laburare, shi ne kuma zai zaɓi littattafai, kwamiti ya tsare kuɗi da manufa. Idan kwamiti ya shiga zaɓen littafi ɗaya-ɗaya, ƙarshenta ɗan kwangila ne zai zaɓa. A ƙasa irin wannan, mai Musulmi da Kirista da masu bin al'adar gargajiya, mai Dakarkari da Fakkawa da Dukkawa da Kambari da Hausawa da Fulani, wajibi ne akwati ya zama kowa ya buɗe ya ga nasa. A nemi na Hausa, daga Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar har zuwa na marubutan yau. A nemi na Turanci na jarrabawa. A nemi na noma da kiwo da kiwon lafiya. Duk abin da aka taɓa bugawa cikin harshen C'Lela, ko a kan tarihin ƙasar da bikin Uhola, a tara shi wuri ɗaya a Zuru, kada ya shiga akwatin yawo, sai dai a yi masa kwafi. Wanda kuma ya buga sabon littafi a tuna masa dokar 1970 wadda ta wajabta aika kwafi uku ga Laburaren Ƙasa, a roƙe shi na huɗu domin garinsu.

Saura aikin Hakimi da Magatakarda, wanda shi ne dalilin kiran wannan taro. Gaskiya ne Hakimi ba ya riƙe da Baitulmali yau, amma har yanzu shi ne wanda in ya ce a zo a kan zo. Shi zai nemo ɗaki a tsakiyar gari, kusa da kasuwa ko makaranta, inda mace da yaro za su shiga ba tare da sun ratsa zauren kowa ba. Shi zai sa baki a ɗauki ma'aikaci mai son karatu. Littafin da ya daɗe a hannun wani babba, wanda ma'aikaci ke jin nauyin tambaya, kalma ɗaya daga Hakimi ta isa ta komo da shi. Yanzu da wasu hanyoyin ƙasar nan suke fama da 'yan bindiga, Hakimi ne ya fi kowa sanin ranar da mota za ta bi da ranar da ya kamata akwati ya ƙara kwana, kuma a rubuta cikin yarjejeniya cewa jinkiri irin wannan ba laifin gari ba ne.

Magatakarda kuwa rajista ce tasa. Kowane akwati ya zo da takardar jerin abin da ke ciki, kwafi uku: ɗaya ta zauna hedkwata, ɗaya cikin akwati, ɗaya a ofishin Hakimi. Ranar da ya iso a buɗe shi gaban Magatakarda da mai tsaron ɗaki, a ƙirga, su sa hannu su biyu; ranar tafiya a sake haka. A ɗora akwati bisa benci ko duwatsu, nesa da bango, saboda gara da laima. Abin da za a riƙa aika wa kwamiti duk wata uku ya ƙunshi yawan littattafan da aka ara, da waɗanda ba wanda ya taɓa, da waɗanda aka nema ba a samu ba, domin da wannan ne sakatare zai san abin da zai saya baɗi. Littafin da ya tsufa saboda yawan hannu a rubuta shi dabam da wanda aka sace. Kwamiti ya yanke wani ɗan adadi na ɓata da yagewa wanda asusun tarayya zai ɗauka kowace shekara, kada a taɓa albashin mai tsaro sai an tabbatar da sakaci ko ha'inci a gaban kwamiti. Mai duba aiki kuma, in ya shiga ɗaki, ya fara da rajistar aro kafin ya ƙirga abin da ke cikin kabad.

Ana roƙon kowane Hakimi, kafin zama na gaba, ya sa Magatakardansa ya rubuto abu uku: ko akwai ɗakin karatu ko ginin da za a iya mayarwa haka a gundumarsa da halin da rufinsa ke ciki, da makarantun da ke da littattafai da kimanin yawansu, da ranar kasuwar da motoci suka fi zuwa daga Zuru. A aiko da takardun ofishin Sakataren Majalisar Sarki, domin da su za a tsara hanyar da akwatin farko zai bi.